Daga Garwa zuwa jami'a a Faransa: yadda na bi layin takardu

Wanda yake son ya zauna a aji a Faransa a watan Satumba, tun Oktoban shekarar da ta gabata yake fara aiki. Yawancinmu a Garwa, a arewacin Kamaru, ba mu jin wannan magana sai mun ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Sakamako ya fito a watan Yuli, ana ta barka, ana rabon alewa, sai yaro ya tashi ya ce shi bana zai tafi waje, alhali ƙofar bana ta rufu tun Disamban bara. Wanda yake da mai faɗa masa, tun yana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, yake cika takardu da sakamakon firobatwar, jarrabawar ajin da ke kafin na ƙarshe, bak ɗin ya biyo baya. Ni na ci bak D, na ɓangaren kimiyya, a 2022, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa bin wannan hanya, don haka na shiga sahun masu tafiya a 2023.

Ban zauna a gida ina jira ba. Malaminmu na kimiyyar halittu ya sami Baba har shago ya ce masa, "Alhaji, kada ka bar shi ya yi shekara hannu rabbana. Masu duba takardun nan sai sun tambayi abin da yaro ya yi tsakanin bak da yau." Shi ya sa na yi rajista a Jami'ar Ngaundare, wadda take can Dang, na biya sefa 50,000 da ake biya a jami'o'in gwamnati. A Dang ne na zauna da 'yan Chadi, waɗanda suke da yawa ƙwarai a wurin, kuma a wajensu mu ne ƙasar waje. Daga bakinsu na fara jin yadda ake tattara takardu, domin su sun riga sun ƙetare iyaka ɗaya da nasu.

Ba Faransa kaɗai ce hanya ba, ba kuma ita ce mafi sauƙi ba. Abokaina da dama sun nemi tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda ake buɗewa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Ba a biyan ko dala wajen nema, kuma wanda ya dace ana ɗauke masa kuɗin makaranta da ɗakin kwana da tikitin jirgi, sai dai zai yi shekara yana koyon Turkanci, kuma mai neman digirin farko dole ya kasance bai kai shekara 21 ba. Wasu Najeriya suka nufa, Yola da Maiduguri da Kano, inda akwai dangi kuma tuwon irin na gida ne, amma wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci sai ya sha fama da Ingilishi kafin ya kama hanya. Ni harshen ne ya ja ni Faransa. Da shi na koyi lissafi tun firamare, ban ga dalilin sake sabon lale ba.

Ɗan Kamaru da ke zaune a Kamaru ba ya rubuta wa jami'ar Faransa kai tsaye, haka ma ɗan Chadi. Komai ta Campus France yake bi, wato hukumar Faransa mai kula da ɗalibai baƙi, a shafinsu na intanet mai suna Études en France. Mai son shiga shekarar farko ta lisans, wato digirin farko, yana cika takardar neman gurbi da ake kira DAP, wanda kowa ke ce wa farin dosiye, kuma zaɓi 3 kacal aka ba shi. Ana buɗewa a farkon Oktoba, a rufe a tsakiyar Disamba. Jami'o'i suna da har 30 ga Afrilu su ba da amsa, kai kuma kana da har 31 ga Mayu ka tsayar da guda ɗaya. Jarrabawar harshe ta TCF ban rubuta ba, tun da duk sakandarena da Faransanci na yi. 'Yan'uwanmu da suka bi tsarin GCE, wato suka yi sakandare da Ingilishi, su ne ba su da makawa.

Takardun da ake nema, in ka jera su a baki, ba su da yawa: shaidar ko kai wane ne, sakamakon zangunan karatu na shekaru ukun ƙarshe na lise, sakamakon firobatwar, sakamakon bak, shaidar abin da kake yi yanzu, da hoto. Wahalar tana wani wuri. Mutumin da zai duba su bai san ka ba, bai san gidanku ba, ba zai taɓa ganin mahaifinka ba. Abin da yake da shi takardu ne kawai, don haka dole bakinsu ya zo ɗaya, tun daga harafin suna har zuwa adadin kuɗin da ke banki. Duk inda biyu suka saɓa, a nan zai tsaya.

Ni a kan suna aka fara tsayar da ni. Inna ce take ajiye mana takardu, a cikin leda, a ƙasan adakarta, ƙarƙashin atamfofin da ba ta taɓa ɗinkawa ba. Da ta fito da su duk ƙanshin turaren wuta suke yi, wasu sun yi layin ninki har tambarin makaranta ya koɗe. Muka baje su a kan tabarma, ni da yayata, muna bi ɗaya bayan ɗaya. A takardar haihuwata sunan Baba ya ƙare da "ou", a sakamakon firobatwar kuma babu waɗannan haruffa biyu. Wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu. Sunayenmu da kunnen Faransanci aka rubuta su, kowane magatakarda da yadda ya ji: Muhammadu ɗaya ya zama Mohamadou a nan, Mouhamadou a can, in ka ƙetara Chadi ya koma Mahamat, Abubakar ya zama Aboubakar ko Boubakary ko Bouba. A unguwa babu wanda ya damu. A ofis kuwa mutum biyu ne. Maganinsa wata takarda ce da ake kira certificat d'individualité, wadda hukuma take shaida cewa mai wannan suna da mai wancan mutum ɗaya ne. Na yi ta, na liƙa mata tambur, kuma tun daga ranar ban sake raba ta da takardar haihuwata ba. Tambur ɗin a lokacin sefa 1,000 ne. Da Janairun 2023 ya kama ya koma 1,500, kuma kowane kwafi da za a buga masa hatimi sai da nasa.

Nawa ma mai sauƙi ne. Akwai abokaina da ba a yi musu takardar haihuwa ba sai da suka kai ajin ƙarshe na firamare, lokacin da jarrabawa ta tilasta. Irin wannan sai an bi ta kotu, a samo hukuncin da ke maye gurbin rajistar haihuwa, wani lokaci likita ne zai dubi yaro ya ƙiyasta shekarunsa. Shi ya sa za ka ga mutane da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu, ko kuma shekara kawai babu rana. Mai irin wannan takarda ya fara duba ta tun kafin Oktoba, ya tabbata tana da tushe a littafin rajistar da aka ce daga shi ta fito, domin da ita za a yi fasfo, kuma abin da ya shiga fasfo shi zai bi ka har abada. Fasfon kansa sefa 110,000 ne, kuma tun Yulin 2021 ta intanet ake fara rajista kafin a je a ɗauki hoto da zanen yatsu.

Sai ɗora takardun a shafin. Kowace sai an ɗauki hotonta da na'ura, ta fito ana iya karanta kowane maki, amma kada nauyinta ya wuce abin da shafin ke karɓa. In ka rage nauyi rubutu ya dushe, in ka bar shi shafin ya ƙi. Mai shagon intanet da nake zuwa kusa da babbar kasuwa ya ƙware a wannan, har yana da farashi na daban a watan Nuwamba.

A irin waɗannan shagunan ne dillalai suke zama. Za su ce maka suna da mutum a ciki, ka kawo kaza su samo maka jami'a, ka ƙara kaza su samo biza. Babu wani mutum a ciki. Abin da suke yi shi ne abin da kai ma za ka iya yi da wayarka, sai dai su da nasu imel suke buɗe maka asusu, lambar sirri kuma tana hannunsu. Wani ɗan unguwarmu haka aka yi masa. Ranar da aka kira shi ganawa bai san ma garuruwan da aka zaɓa masa ba, kuma da amsa ta zo sai da iyayensa suka sake biya kafin a nuna musu. Neman taimako ba laifi ba ne, ni ma na nema. Amma imel naka, lambar sirri taka, kuma duk kalmar da aka rubuta da sunanka ka karanta ta.

Zaɓin fanni shi ne ya kusa haɗa ni da Baba. Da daddare bayan isha'i ya kira ni zaure ya ce, "Likita za ka karanta. In za a kashe kuɗi irin wannan, a kashe a kan abin da kowa ya san sunansa." Na ce, "To, Baba." Ba a musu da shi a zaure. Washegari na tafi wajen Malam, shi kuma ya zo ya zauna da shi, ya yi masa bayani dalla-dalla. Tun 2020 mai son likitanci a Faransa ta shekarar farko da ake kira PASS ko L.AS yake shiga, a ƙarshenta a tace, kuma 'ya'yan ƙasar ma da yawansu a nan suke zubewa. Ga shi zaɓi uku ne kawai. Ya ɗauko sakamakona ya nuna masa: kimiyyar halittu da ta ƙasa da kyau, kimiyyar sinadarai da kyau, lissafi tsaka-tsaki. Ya ce, "Alhaji, jami'ar nan ba burinka za ta duba ba, waɗannan lambobin za ta duba. Ka bar shi ya nemi abin da lambobin suke goyon baya." Baba ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." A gidanmu wannan amincewa ce.

Na zaɓi kimiyyar ƙasa, da niyyar in bi ɓangaren ruwa. Ban je nesa neman dalili ba. Garwa a bakin Binuwai take, madatsar Lagdo tana kudu da mu, kuma duk wanda ya yi wayo a 2012 ya ga abin da ambaliya ta yi a nan da kuma can Najeriya. Amma wannan yankin dai, in Maris da Afrilu suka zo, za ka ga mata a ƙauyuka suna haƙa yashin rafi suna jiran ruwa ya tsatso. Ruwan yana nan, sanin inda yake kwance da yadda za a riƙe shi ne aikin. Wajen zaɓin gari kuwa ban ko kalli Paris ba, saboda kuɗin haya. Na nemi garuruwa matsakaita, kuma na bi shafin kowace jami'a ina duba abu ɗaya: nawa baƙo yake biya. Daga 2019 zuwa 2023 dokar Faransa ta ɗora wa ɗalibin da ba na Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara a matakin lisans, wato kusan sefa 1,817,000, yayin da ɗan ƙasa yake biyan yuro 170 a shekarar da na shiga. Sai dai a lokacin jami'o'i da yawa suna yafe wa baƙi bambancin, kowace da shawarar da hukumarta ta yanke, kuma shawarar tana iya canzawa daga shekara zuwa shekara. Wannan layi ɗaya a shafin jami'a ya fi hoton gininta muhimmanci nesa ba kusa ba.

Kowane zaɓi sai ka rubuta masa dalili, a ɗan wuri ƙanƙane. Akwai wasu jimloli da suke yawo a wayoyin ɗalibai, kowa yana kwafa: tun ina ƙarami nake ƙaunar kaza, Faransa ƙasa ce mai daɗaɗɗen tarihi, jami'arku ta yi suna a duniya. Malam ya ce duk jimlar da wani zai iya ɗauka ya sa a tasa takardar ba tare da ya canza komai ba, a share ta. Abin da ya rage shi ne sunayen darussan da jami'ar take koyarwa a shekarar farko, abin da na riga na fara a Dang mai kama da su, da aikin da nake hange in na gama.

Bayan an biya kuɗin dosiye sai a ba ka ranar ganawa. Ni a Yawunde na yi tawa. Jirgin ƙasa yana tashi daga Ngaundare da yamma ya kwana yana tafiya, a tashoshin hanya mata suna ɗaga zuma da ayaba ta taga cikin duhu, kai kuma jakar takardunka tana kan cinyarka ko barci ya ɗauke ka. Da safe na sauka na nufi Briketeri, unguwar da duk Bahaushen da ya shigo Yawunde yake fara nema, inda Kawu yake da shagon ɗinki. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, kawo rigar nan a goge. Sauran kuma yana bakinka."

Ganawar ba ta da tsawo. Wata mata ce, ga kwamfuta a gabanta, ta karɓi takarduna na asali tana gwada su da waɗanda na ɗora. Ta tsaya a kan sunan Baba, na miƙa mata takardar shaidar, ta karanta ta wuce. Ta juya sakamakon aji na biyun ƙarshe, ta sa yatsa a kan makin lissafi na zango na biyu, ta ce me ya faru a nan. Na ce zazzaɓin taifot ne ya kwantar da ni a wannan zango, kuma ta duba na uku ta ga ya farfaɗo. Ta tambaye ni darussan da zan yi a watanni shida na farko a jami'ar da na sa a gaba, ta tambayi dalilin da ya sa ba zan ƙarasa a Ngaundare ba, ta tambayi wanda zai biya da sana'arsa, ta tambayi inda nake ganin kaina in na gama. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba, bugawa kawai take yi. Abin da ta buga ba a nuna maka. Ra'ayi ne da yake bin dosiyenka zuwa jami'o'i, kuma yana nan har lokacin biza. Babu tambaya ko ɗaya da ta fita daga abin da na riga na rubuta da hannuna. So take ta ji ko bakina da takardata za su faɗi abu ɗaya.

Daga nan sai jira. Na koma Dang na ci gaba da karatu, kuma wannan ba wasa ba ne, domin sakamakon shekarar ma ana iya nemansa daga baya. Amsoshin sun fara zuwa a cikin azumi. Ta farko ƙi ce, da layi ɗaya na dalili. Sauran biyu suka karɓe ni, ɗaya kafin sallah, ɗaya bayanta. Na tsayar da wadda take yafe bambancin kuɗin makaranta. A gida aka yi ta murna kamar na riga na sauka daga jirgi, makwabta suna shigowa yi wa Inna barka. Malam kaɗai ya ce, "Da sauran rina a kaba."

Gaskiyarsa. Takardar karɓa daga jami'a ba biza ba ce, kuma ofishin jakadanci ba maki yake dubawa ba, kuɗi yake dubawa. Ƙa'idar a 2023 ita ce ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 kowane wata, wato 7,380 a shekara. Tun da sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, lissafin ba ya motsi: kusan sefa 4,841,000, ban da kuɗin makaranta, ban da tikitin jirgi, ban da kuɗin ajiyar ɗaki.

Baba ba matalauci ba ne, amma dukiyarsa ba irin wadda takarda take gani ba ce. Atamfa da shadda yake sayarwa. Kuɗinsa yana cikin dilolin da ke shago, yana hannun 'yan ƙauyen da suka ɗauki kaya sai bayan an sayar da auduga su biya, yana kuma cikin shanun da wani Bafulatani amininsa yake kiwo tun kafin a haife ni. Duk kasuwa ta san in ya ce zai biya, ya biya. Amma ba shi da takardar albashi, asusun bankinsa kuma sai a yi watanni bai taɓa shi ba. Ma'aikacin gwamnati mai albashin da bai kai ribar Baba ta mako biyu ba ya fi shi kyan gani a dosiye, domin shi kowane wata akwai layin da yake shaidarsa. Wannan ita ce matsalar 'ya'yan 'yan kasuwar arewa, kuma ban ji wanda ya faɗa mana ita tun da wuri ba.

Hanya biyu ce. Ko ka kawo mai ɗaukar nauyi wanda yake da takardun albashi da na haraji da bayanan banki na watanni, ko kuma a zuba kuɗin shekarar gaba ɗaya a banki, a kulle, bankin ya ba da takardar da ake kira AVI, wadda take cewa zai riƙa tura maka kason kowane wata kuma babu mai iya janye umarnin. Da na yi wa Baba bayani ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wato sai na kai musu kuɗina sun rufe, na kuma biya su ladan rufewa, sannan a yarda ina da shi?" Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "Ikon Allah."

Babbar sallah ta 2023 a ƙarshen Yuni ta faɗo, lokacin da dabba take da daraja, don haka Baba ya aika aka kawo wasu daga cikin shanun aka sayar. Inna ta roƙi matan adashensu suka ba ta ɗaukar watan, alhali ba layinta ba ne. Kawu ya turo nasa ta waya ba tare da an tambaye shi ba. Muka ajiye rasit na cinikin shanun da takardar harajin shago, domin kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya sai an tambayi daga ina ya fito. Akwai masu ba da hayar kuɗi, su zuba maka miliyoyi na 'yan kwanaki a buga takarda su kwashe abinsu, akwai ma masu buga takardar banki ta jabu. Ko da a ce ta wuce, yaro zai sauka a ƙasar da haya ba ta jira, aljihu wayam. In kuma ba ta wuce ba, sunansa ya ɓaci a wurin da ba a mantuwa.

A ganina ma, ba kowane gida ya kamata ya shiga wannan ba. Yuro 615 ƙa'ida ce ta ofis, ba ita ce tsadar rayuwa ba, kuma lisans shekara 3 ce, kowace da nata miliyoyin. Doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki har awa 964 a shekara, amma wanda ya sauka a Satumba bai san gari ba, ga sanyi ga karatu, kada ya sa wannan a lissafin shekarar farko. Wanda gidansu za su sayar da abin da suke ci da shi, gara ya yi lisans a Ngaundare ko Marwa ko sabuwar Jami'ar Garwa da aka kafa a Janairun 2022, ya fito da maki mai kyau, ya nemi digiri na biyu a waje, inda shekarun biyu ne kuma ƙofofin tallafi sun fi yawa. Na faɗa wa ƙannen abokaina haka, wasu sun ji haushi.

Wurin kwana ma sai ka nuna. Na nemi ɗaki a gidajen ɗalibai na CROUS, kuma tun da ba ni da wanda zai tsaya mini a Faransa, na yi rajista da Visale, tsarin da yake tsaya wa ɗalibai kyauta a gaban mai gida.

Biza a Yawunde ko Duwala ake nema, da ƙafarka, saboda zanen yatsu. Ana cika fom a shafin France-Visas, a kama rana, kuma a Yuli da Agusta ranakun suna wuya domin duk ɗaliban ƙasar a lokacin suke nema. Wanda ya bi ta Campus France yuro 50 yake biya, ban da ladan cibiyar da take karɓar takardu. A layi na ga masu takardar karɓa daga manyan jami'o'i suna rawar jiki kamar kowa. Wanda aka hana, takarda ake ba shi da alama a kan dalili, kuma akwai hukumar ɗaukaka ƙara a Nantes, sai dai kafin ta amsa sau da yawa an riga an fara karatu. Na zauna a shagon Kawu ina taya shi sa maɓalli har saƙo ya shigo cewa in zo in karɓi fasfo. A cikin ambulan a liƙe ake ba ka, mai miƙo maka ma bai san abin da ke ciki ba. Ban buɗe a wurin ba. Na kawo shago, Kawu ya tsayar da keke, ya yi bisimilla ya farke da almakashinsa. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ɗauki waya ya kira Baba ya ce, "Yaya, a fara neman rigar sanyi."

Sauka a Faransa ba ta ƙare takardu ba. Bizar ɗalibi sai ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da isowa, in ba haka ba zamanka ya zama ba bisa ƙa'ida ba. Kafin jami'a ta yi maka rajista sai ka biya kuɗin rayuwar ɗalibai da ake kira CVEC, yuro 100 a shekarar. A ofishin rajista suka sake neman takardun asali, a wajen inshorar lafiya suka nemi takardar haihuwa, a banki suka nemi shaidar wurin zama, mai ɗaki kuma yana neman lambar asusun banki. Duk wanda zai taho ya zo da asalin komai a jakar hannu, ba a akwatin da ake aunawa ba.

Bizar ta shekara ɗaya ce. Watanni kafin ta ƙare sai ka nemi katin zama, kuma a nan ma abu biyu za su duba: sakamakon jarrabawarka, da kuɗin kowane wata na shekara mai zuwa, wanda a lokacina yuro 615 ne. Na sanar da Baba tun da wuri. A karo na biyu bai jira babbar sallah ba. Tun da 'yan ƙauye suka fara biyan bashin bayan auduga yake aiken yaron shago banki kowane ƙarshen wata, a zuba da sunansa, a kawo masa rasit ya sa a cikin littafin bashi.